Littafin Aiki: Man Shafawa Mai Tataccen Zaitun

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Yau na buɗe sabon littafi saboda wannan aiki kaɗai. Shekara shida ke nan ina haɗa sabulu da man shafawa a ɗakin da ke bayan gidanmu a nan Kano, kuma babu tambayar da masu saye suka fi yi min irin "akwai mai zaitun?" Ba abin mamaki ba ne. Mun tashi muna karanta rantsuwa da zaitun a farkon Suratut Tin, mun ji an kira shi itaciya mai albarka a Suratun Nur, alhazai suna kawo mana shi tsaraba, kuma duk shagon magungunan Musulunci da ka shiga za ka tarar da shi kusa da zuma da habbatus sauda.

Abin da ke damuna shi ne robobin da nake gani a kasuwa. Hoton zaitun kore shar ya cike sitika, amma in ka juya baya ka karanta jerin kayan haɗi, sai ka tarar da sunansa can ƙarshe, bayan turare. Ƙa'ida ita ce a fara rubuta abin da ya fi yawa, don haka duk abin da ya zo bayan turare da wuya ya kai kashi 1 cikin 100. Sunan ake sayar wa mutane, saboda an san girmansa a zukatanmu.

Niyyata: man shafawa na hunturu, tushensa man kaɗe, a cikinsa akwai tataccen sinadarin 'ya'yan zaitun a adadin da zan iya rubutawa ƙarara a jikin roba, kuma ya kasance yana nan da ƙarfinsa har a shafe robar.

Asabar, 12 ga Oktoba

Makon nan karatu kawai na yi, kuma na gane cewa abu uku muke haɗawa da suna ɗaya. Akwai man zaitun da muka sani. Akwai tataccen ganye, wanda ya fi yawan oliyurofin, sinadarin da ke sa ɗanyen zaitun ɗaci har ba a iya cinsa sai an jiƙa shi a ruwan gishiri. Sai kuma tataccen 'ya'yan, wanda a jerin kayan haɗi ake rubuta shi Olea Europaea Fruit Extract. Shi nake nema, saboda haidiroksitairosol da ke cikinsa, ɗaya daga cikin sinadaran folifenol masu tare ɓarnar da iskar oksijin ke yi wa mai da ƙwayoyin jiki.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne inda ake samo shi. Wannan sinadari ya fi son ruwa a kan mai. Idan aka niƙa zaitun aka matse, ɗan kaɗan ne ke bin man, ana ƙiyasta bai wuce kashi 2 cikin 100 ba, sauran duk yana zama a baƙin ruwa da tunkuzar da suka rage. A Sifen, ƙasar da ta fi kowace samar da man zaitun, musamman lardin Hayen na yankin Andalus, wannan baƙin ruwa ya daɗe yana zame wa masu matsa jidali. Ba a iya zubar da shi a rafi domin yana kashe kifi, in ya yi yawa a gona ya hana iri tsira. A farkon shekarun 1990 masana'antunsu suka koma wa injin da ke fitar da mai gefe guda, jiƙaƙƙiyar tunkuza gefe guda. Daga irin waɗannan ragowar ne kamfanoni ke tace sinadarin su busar da shi ya zama gari. Wato abin da ake neman yadda za a rabu da shi jiya, yau da giram ake auna shi.

Na tuna da ƙuli-ƙuli. Mu ma ba mu taɓa zubar da tunkuzar gyaɗa ba.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Kwana da kwanaki babu wutar lantarki a gari, aiki ya tsaya cak, sai kuma ga asara. Na sayi kwalba ɗaya a wajen wani mai sayar da kayan haɗi wanda ya rantse min tataccen zaitun ne daga waje. Ruwa ne kore mai yauƙi, ba takardar gwaji, ba lambar haɗi, ba ranar lalacewa. Zumuɗi ya sa na biya.

Ƙanina, wanda ke koyar da kimiyyar sinadarai a sakandare, ya zo da yamma da 'yar kwalbar ruwan ƙarfe na gwaji, ferik kulorayid. Ya ce, "Yaya, kawo kofin gilashi biyu da ruwan shayi wanda ba madara." Ya ɗiga ruwan ƙarfen a shayin, nan take ya koma baƙi ƙirin kamar tawada. Ya ce haka folifenol ke yi in ya gamu da ƙarfe. Sai ya zuba nawa a ɗaya kofin da ruwa, ya girgiza sosai. Abin ya taso sama ya yi ido-ido ya ƙi narkewa. Ya ɗiga ruwan ƙarfe, ruwan ƙasa bai sauya ba ko kaɗan. Muka shinshina: ƙamshin man girki ne da aka sa wa kala.

Na yi shiru na daɗe. Kuɗin sun yi min ciwo, amma abin da ya fi ci min rai shi ne da ban gwada ba, da na zuba shi a mai na rubuta "zaitun" na sayar wa mutanen da suka yarda da ni. Daga yau ba na karɓar komai sai da takardar gwajin kamfanin da ya yi shi.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Kaya sun iso ta hannun wata mai shigo da kayan haɗi a Legas: giram 100 na gari a jakar da haske ba ya ratsawa, tare da takardarsa. An yi shi a Sifen, haidiroksitairosol kashi 10 cikin 100, sauran garin sitaci ne da aka busar da shi a kai. Launinsa kamar garin kunun gyaɗa da ya ɗan sha wuta. Na ɗanɗana a kan harshe, ɗaci da bauri. Ya narke tas a ruwa. Da muka ɗiga ruwan ƙarfe, kofin ya koma kore mai duhu kafin in ajiye cokali. Alhamdulillahi.

Tsada kam akwai ta. Fari ya sa amfanin zaitun na Sifen a kakar 2022 zuwa 2023 ya faɗi zuwa kusan rabin abin da aka saba, farashin duk wani abu na zaitun ya haura, ga kuma halin da naira take ciki.

Na fara gwada shi a sabulu tunda shi ne sana'ata ta asali. Ina zuba shi a kwaɓin da ke da soda, kwaɓin ya rine ya zama ruwan ƙasa mai duhu. Sabulu yana kai 9 zuwa 10 a ma'aunin pH mai nuna tsami ko kaifin abu, shi kuwa wannan sinadari ba ya jure irin wannan kaifi, nan da nan iska ke cinye shi. Ko da ya tsira, minti nawa kumfa ke yi a jiki kafin a ɗauraye? Masu sabulun Nablus a Falasɗinu da na Halab a Siriya sun shafe ɗaruruwan shekaru suna yin nasu da man zaitun kansa, kuma shi ne daidai ga sabulu. Na cire sabulu daga wannan aiki.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Haɗi na ɗaya, giram 500. Man kaɗe giram 50, man riɗi 25, kakin da ke haɗa ruwa da mai 25, gilisarin 20, sinadarin kauri 10, maganin hana ruɓa 5, garin zaitun 5, sauran ruwa. Giram 5 na garin yana nufin rabin giram na haidiroksitairosol a tukunyar gaba ɗaya. Na dafa ɓangaren mai da ɓangaren ruwa kowanne daban zuwa digiri 70, na haɗa, na buga da bilanda ta hannu, na jira ya huce zuwa ƙasa da 40 sannan na zuba garin da na narkar a ɗan ruwa.

Ya fito fari sol, laushi kamar kindirmo. Na zuba a robobi biyar masu faɗin baki.

Laraba, 4 ga Disamba

Saman kowace roba ya yi toka-toka, gefen murfi har da shuɗi-shuɗi mai duhu. Ƙasan yana nan da sauran fari. Wari bai sauya ba.

Lahadi, 8 ga Disamba

Na gano bakin zaren, kuma ba a littafi na gano shi ba. Na je wajen dukawa a Kasuwar Kurmi karɓo jakar da na ba da ɗinki, na tarar da wani dattijo yana zana baƙin layi a kan jar fata. Ruwan da yake tsoma tsinken a ciki ba baƙi ba ne sosai, amma yana taɓa fatar sai layin ya fito baƙi wuluk. Na ce, "Baba, wannan wane irin rini ne?" Ya ce, "Kuloko ke nan, 'yata. Kashin maƙera ne aka jiƙa. Fatar da aka jeme da bagaruwa kaɗai yake kamawa haka." Ina tsaye sai kofin shayin ƙanina ya faɗo min a rai. Bagaruwa cike take da dangin folifenol, kashin maƙera kuwa ƙarfe ne. Abin da dattijon nan ke yi da gangan, shi na yi wa man shafawata cikin rashin sani.

Na dawo gida na bi kayan aikina ɗaya bayan ɗaya. Ruwan burtsatse na yi amfani da shi, wanda na tafasa na tace, ina ganin ya isa. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta amma ba ta fitar da ƙarfe, kuma tankinmu ya daɗe yana barin jan shatin tsatsa a bokiti. Sannan ludayin da na juya da shi yana da ɗan tabon tsatsa a gindin mariƙi, ban taɓa kula da shi ba. Na kuma auna pH ɗin man na samu kusan 7. Fatar mutum tana tsakanin 4.5 da 5.5, kuma a irin wannan ɗan tsamin ne sinadarin ya fi zama lafiya.

Abu huɗu zan gyara: ruwan distil, wato wanda aka tara daga tururi, kayan gilashi da cokalin roba, sinadarin EDTA kaɗan wanda ke ɗaure duk ƙarfen da ya saura, sai garin tsami na sitirik don sauko da pH.

Asabar, 21 ga Disamba

Haɗi na biyu ya tsinke saboda na zuba tsamin gaba ɗaya, pH ya faɗi ƙasa da 4, ruwa ya ware. Na zubar.

Haɗi na uku ya zauna. EDTA giram 1, bitamin E giram 2.5 don kare man kaɗe da riɗi daga yin ɗoyi, tsami kuwa ɗigo-ɗigo ina aunawa har ya tsaya a 5. Na yi shi kashi uku: mai garin zaitun kashi 1 cikin 100, mai rabin haka, da wanda babu zaitun ko kaɗan. Kowanne na raba shi biyu, wani a roba mai faɗin baki, wani a roba mai famfo wadda iska ba ta komawa cikinta.

Masu wannan sana'a suna ajiye mai a zafin digiri 40 zuwa 45 na tsawon mako 12 don su hango yadda zai tsufa a kanti. Ba ni da irin na'urarsu, amma maƙwabciyata mai kiwon kaji tana da injin ƙyanƙyasar ƙwai mai aiki da sola, kuma ba ta zuba ƙwai sai bayan sanyi. Ta ara min. Mun saita shi a 40, robobi shida suna ciki, 'yan uwansu kuma suna firji don kwatance.

Asabar, 18 ga Janairu, 2025

Hunturu ya kankama, hazo har ba a ganin Dutsen Dala da safe. Lokacin gwaji a jiki ke nan. Mata goma sha biyu, 'yan uwa da maƙwabta, kowacce ta fara shafa ɗan kaɗan a cikin gwiwar hannu kwana biyu don a ga ko zai yi mata ƙaiƙayi. Babu wadda ya yi wa. Sai na ba kowacce roba biyu, ɗaya da jan zare, ɗaya da baƙi, ta shafa ɗaya a ƙafar dama, ɗaya a hagu, safe da dare. Ƙanina ne ya ɗaura zaren ya rubuta a takarda ya tafi da ita, don ni kaina kada in san wanne ne mai zaitun in riƙa jan bakinsu.

Inna tana cikinsu. Duk hunturu dugaduganta sai sun yi faso har su yi jini, ta riƙa takawa da gefen ƙafa in za ta alwalar asuba. Kullum da dare ni nake jiƙa mata ƙafar a ruwan ɗumi, in goge kaushin da dutse, in shafa, in sa mata safa. A kwana na tara bakin fason ya fara haɗewa. Jiya na ga ta taka tsakar gida da tafin ƙafarta duka, ba ta ko lura ba. Ni na lura.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Mako huɗu sun cika, ƙanina ya kawo takardar. Cikin mata goma sha biyu, bakwai sun ce ba su ga bambanci tsakanin ƙafafun biyu ba, duka sun yi laushi. Uku sun zaɓi mai zaitun, biyu sun zaɓi wanda babu. Ƙafafun Inna duka biyu sun warke tare.

Na so a ce sakamakon ya fi haka, amma abin da ya nuna a fili yake: laushin fata da warkewar faso aikin man kaɗe ne da gilisarin, kayanmu na gida da muke rainawa. Aikin da ake sa ran sinadarin zaitun ya yi, wato rage ɓarnar da rana da ƙura da hayaƙi ke yi wa fata a hankali, ba abu ne da ido zai gani a wata ɗaya a ƙafar mutum goma sha biyu ba. Don haka ba zan rubuta cewa zaitun ne ke warkar da faso ba.

A makon nan kuma mutum uku sun zo min da buƙatun da na ƙi.

Wata Hajiya, tsohuwar mai sayen kayana, ta ce in sayar mata da garin ta riƙa sha a kunu saboda hawan jini. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, wannan na shafawa aka sayar min da shi, kuma don Allah kada ki ajiye maganin da likita ya rubuta miki." Na yi mata bayanin abin da aka tabbatar. A 2012 Tarayyar Turai ta amince a rubuta cewa folifenol na man zaitun yana taimakawa wajen kare kitsen da ke cikin jini daga lalacewa, da sharaɗin man yana ɗauke da aƙalla miligiram 5 na haidiroksitairosol da danginsa a kowane giram 20, kuma a riƙa cin giram 20 ɗin a rana. Magana ce ta abinci, ba ta maganin hawan jini ba. Da suka ba da izinin zuba sinadarin da aka ƙera a masana'anta cikin wasu kayan abinci a 2017, sai da suka ce a rubuta gargaɗi cewa ba na masu ciki ba ne, ba na masu shayarwa ba, ba na yara 'yan ƙasa da shekara uku ba. Na ce mata in tana so, ta nemi man zaitun na matsar farko ta riƙa zubawa a kwaɗo ko dafaffen wake. Mai kyau yana ɗan yin yaji a maƙogwaro. Wannan yajin na wani sinadari ne, oliyokantal, wanda masu bincike a Filadelfiya ta Amurka suka bayyana a 2005 cewa yana aiki ta hanya mai kama da ta maganin ciwo ibufurofen.

Ta biyu maijego ce, 'yar ƙawata, tana son man da za ta shafa wa jaririnta na kwana ashirin, ta ce ai dama zallar man zaitun take shafa masa. Nan na zauna da ita sosai. Man zaitun yawancinsa asid ɗin oliyik ne, tsakanin kashi 55 da 83 cikin 100, kuma yawansa yana sassauta shingen da ke riƙe danshi a saman fata. A 2013 masu bincike a Jami'ar Shefild ta Ingila sun sa manya suna shafa shi a hannu kullum na wasu makonni, suka ga shingen ya yi rauni har da ɗan ja, alhali man fulawar rana bai yi haka ba. Fatar jariri ta fi ta babba rauni nesa ba kusa ba. Na ce ta tambayi ma'aikaciyar jinya ranar rigakafi, nawa man kuma ban gwada shi don jarirai ba, ba zan ba ta ba. Ta ce, "Anti, ba mai albarka ba ne?" Na ce mai albarka ne, zuma ma waraka ce, amma ba a ba wa jaririn da bai shekara ba.

Ta uku mai shago ce da ke son ɗaukar kaya da yawa in har zan rubuta "yana haske fata". Na ƙi. Na ga fuskokin da man bilicin ya ƙone, na ga gaɓoɓin yatsu baƙi a jikin farin hannu, ba zan sa sunan zaitun ya zama ƙofar shiga wannan kasuwa ba.

Asabar, 15 ga Maris, 15 ga Ramadan

Mako 12 cif. Bayan la'asar na kwaso robobin daga injin na jera su a kan farar takarda kusa da 'yan uwansu da suka zauna a firji.

Wanda babu zaitun, fari yake kamar ranar farko. Mai kashi 1 a roba mai faɗin baki ya yi ruwan ƙasa a sama, kaurin farce, ƙasan kuma ruwan madara. Mai rabin kashi a irin wannan roba ya ɗan dushe. Na cikin roba mai famfo kuwa, duka biyun, bai wuce launin madarar gwangwani ba. Babu wanda ya tsinke, babu ɗoyi, pH yana tsakanin 5 da 5.3. Ƙanina ya narkar da kaɗan daga mai famfon ya ɗiga ruwan ƙarfe da ɗan yawa, koren ya fito. Wannan gwaji ba ya faɗin adadi, amma ya nuna sinadarin yana nan.

Ke nan roba mai faɗin baki ta fita. Duk buɗewa ɗaya sabuwar iska ce, ga yatsa da ake tsomawa. Mai famfo ta ninka ta tsada, dole farashin ya ɗaga.

Akwai gyaran da zan yi wa maganata ta ranar farko. Na yi wa robobin kasuwa hukunci da matsayin zaitun a jerin kayan haɗi, alhali nawa ma kashi 1 ne, can ƙasa zai zo. Matsayin kaɗai ba ya faɗin komai. Kashi 1 na gari mai ƙarfin 10 cikin 100 daban yake da kashi 1 na ruwan da aka surka har ya salance, kuma mai saye ba shi da hanyar bambancewa sai an rubuta masa ƙarfin.

Asabar, 12 ga Afrilu

An yi salla lafiya, zafi ya sauka da ƙarfinsa, jiya ma'aunin da ke shagon ƙanwata mai rufin kwano ya nuna 43 da azahar. Na ajiye robobi uku na haɗi na huɗu a kan kantarta ta sama, inda kayan masu saye ke zama da gaske, zan duba su duk Juma'a har damina ta faɗi.

Sakamakon ɗakin gwaji ya dawo ranar Talata: ƙwayoyin cuta da fumfuna suna ƙasa da iyakar da aka yarda. Na haɗa shi da takardar garin da tsarin haɗin a fayil ɗin neman rajistar NAFDAC. Saura gyaran ɗakin aiki kafin a zo dubawa, tayil a ƙasa, raga a taga, da wurin wanke hannu daban. Ba zan sayar ko roba ɗaya ba sai lamba ta fito.

Rubutun sitika da na tsayar, Hausa a sama: "Man kaɗe da man riɗi don laushin fata. Kowane giram 100 yana ɗauke da giram 1 na tataccen 'ya'yan zaitun, mai haidiroksitairosol miligiram 100 a ranar haɗi. Ba ya sauya launin fata. Ba na jarirai ba ne. A ajiye a inuwa." Mai buga sitika ya ce hoton zaitun ya yi ƙanƙanta, in bari ya ƙara masa girma. Na ce ya bar shi haka, ya sa 'ya'yan kaɗanya a gaba.

Garin da ya rage giram 61 ne, yana cikin kwalba mai duhu a firji. Ranar Litinin magini zai zo auna ɗakin.